FITINA: ASALIN KALMAR DA MA'ANONINTA

 Darasin wannan mako ya shafi wata kalma ce wadda ba ta fita daga bakin Bahaushe, yaro da babba, mace da namiji, watau kalmar “fitina”.

Duk wanda ya ratsa lungunan Unguwar Mu'azu, a cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, tun daga hantsi har zuwa almuru, da wuya ya fita bai ji kalmar nan sau uku ko huɗu ba. Uwa tana wanke-wanke yaro yana jan zanenta, sai ta ce, “Kai, wannan yaro da fitina kake!” Mai kanti ya hango wanda ya saba zuwa cin bashi, sai ya ce ga fitinannen nan ya iso. Ɗan haya ya wayi gari da jan ido, ya ce sauro da ƙarar janareton maƙwabci ne suka fitine shi jiya da dare. Duk wannan akan faɗe shi ne da ɗan haushi, wani lokaci ma har da dariya. Amma idan dattijo a majalisa ya sassauta murya ya ce “a lokacin fitina”, babu wanda zai yi murmushi, gama kowa ya san jini da hayaƙi yake nufi. To, yaya aka yi kalma guda ta ɗauki rigimar ɗan yaye, ta kuma ɗauki ƙonewar gari? Amsar tana cikin asalin kalmar.

Daga Maƙerar Zinariya

Fitina ba Hausa ba ce tun fil azal, ararriya ce daga Larabci. Larabawa “fitna” suke cewa, kuma tushenta haruffa uku ne, fa da ta da nun. Malaman lugga, irin su Ibnu Faris wanda ya rasu a shekara ta 395 bayan Hijira, da Ragibul Asfahani mai littafin Mufradat, da Ibnu Manzur mai Lisanul Arab wanda ya rasu a shekara ta 711, sun tafi a kan cewa ma'anarta ta farko ita ce jefa zinariya ko azurfa a cikin wuta don a rarrabe mai kyau da mai algus.

Wanda ya taɓa zama a wurin maƙeran fari ya san yadda abin yake. Akan kawo ɗan kunne ko awarwaro yana ta ƙyalli, ido ba ya iya rabe na gaske da na jabu. Sai maƙeri ya saka shi a cikin ɗan kasko, ya ɗora bisa gawayi, ya kama zuga. Zinariya ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064. Idan ta narke, dattin da ke cikinta sai ya taso ya ware gefe guda, ita kuwa ta kwanta fes. Wuta ba ta ƙara wa ƙarfen nan kome ba, abin da ke ɓoye a cikinsa kurum ta tona. Wannan aiki shi ne Larabawan farko suka kira fitna, shi kuma maƙerin suka kira shi “fattan”. Har ƙasa mai baƙaƙen duwatsu, wadda in ka gan ta sai ka ce wuta ce ta cinye ta, suna kiranta “fatin”.

Daga nan ne kalmar ta yi rassa. Tun da wuta tana gwada ƙarfe, sai aka kira kowace irin jarrabawa fitina. Tun da wuta tana ƙuna, sai aka kira azaba fitina. Tun da kuma akwai ƙarfen da ba ya jure wuta, sai aka kira duk abin da ke karkatar da mutum daga kan hanya fitina. Shi ya sa ake ce wa Shaiɗan fattan, ake kuma kiran mala'iku biyu masu tambayar kabari da wannan suna, alhali kuwa aikinsu ya sha bamban da nasa. Shi ruɗarwa yake yi, su kuwa jarrabawa suke yi.

Shigowarta Ƙasar Hausa

Harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su yi karo a irin wannan wuri ba wasali a tsakaninsu. Kamar yadda ya mai da “ilm” ilimi, “harf” harafi, haka ya mai da “fitna” fitina. Bai tsaya nan ba, sai da ya ɗinka mata rigar Hausa tsaf. Ya yi mata jam'i, fitinu ko fitintinu. Ya ƙera aikatau daga jikinta, ya ce “ya fitine ni”, “ta fitini mijinta”. Ya kuma fitar da siffa, fitinanne da fitinanniya da fitinannu.

A shekarar 1947 wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya kasa kalmomin Larabci da ke cikin Hausa gida biyu. Akwai na dauri, waɗanda suka shigo ta hanyar fatauci da cuɗanya, da yawansu kuma suka taho da “al” ɗinsu a manne, kamar alkama da albasa da allura, da kuma lokaci da labari da lafiya inda “l” kaɗai ta saura. Akwai kuma na baya, waɗanda malamai suka ɗebo daga littattafai. Fitina ba ta taho da “al” ba, wannan kuwa alama ce ta cewa ta zauren karatu da wurin tafsiri ta biyo kafin ta kai tsakar gida.

Ba domin Hausa ta rasa nata kalmomin aka aro ta ba. Akwai damu da takura da matsa da gallaba da tsokana. Wanda ya naɗe wa mutum ya ƙi saki akan ce ya zame masa ƙarfen ƙafa ko alaƙaƙai. Wanda kuwa ba dama a taɓa shi, ba dama a ƙyale shi, shi ne ƙadangaren bakin tulu. Sai dai duk waɗannan mai laifin kaɗai suke nunawa da yatsa. Fitina ce kaɗai a cikinsu ke juyowa ta dubi wanda aka dama, ta tambaye shi abin da zai fito daga cikinsa.

Sauran al'ummun Musulmi ma sun are ta, kowa da ɓangaren da ya fi riƙewa. Yarabawa suna amfani da ita wajen damuwa da wahala. A Sawahilanci, can Gabashin Afirka, ta fi karkata ga annamimanci da haɗa mutane faɗa. A Malesiya da Indunisiya kuwa “fitnah” na nufin ƙazafi, watau ƙaga wa mutum abin da bai yi ba. Larabawan yanzu kuma har mace mai tsananin kyau sukan kira “fatina”, domin tana ɗauke hankali.

Fuskokinta A Cikin Alƙur'ani

Akwai wani fanni na ilimin tafsiri da ake kira wujuhu da naza'iru, watau nazarin kalma ɗaya mai zuwa da ma'anoni dabam-dabam. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a shekara ta 911 bayan Hijira, ɗaya daga cikin marubuta biyu na tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatan ƙasar nan kowane watan azumi, ya lasafta wa fitina fuskoki fiye da goma a cikin littafinsa Al-Itƙan. Ga kaɗan daga cikinsu.

Ta zo da ma'anar ƙonawa a aya ta 13 ta Suratuz Zariyat, inda ake bayanin 'yan wuta, da kuma aya ta 10 ta Suratul Buruj, wadda ta zo bayan labarin muminan da aka jefa a ramukan wuta saboda imaninsu. A nan kalmar tana nan a kan asalinta na maƙera. Ta zo da ma'anar jarrabawa a farkon Suratul Ankabut, inda aka nuna cewa faɗar imani da baki ba ta wadatarwa sai an gwada mai faɗar, kamar yadda aka gwada mutanen da suka gabata. Aya ta 35 ta Suratul Anbiya kuwa ta ƙara da cewa gwajin nan da sharri ake yinsa, da alheri ma ana yinsa. Saboda haka talauci fitina ne, wadata ma fitina ce, kuma sau da yawa wanda ya ci ta farko shi ke faɗuwa a ta biyu. Ta zo da ma'anar shirka da azabtar da masu imani don su bar addininsu a aya ta 191 da ta 217 ta Suratul Baƙara, inda aka fifita muninta a kan munin kisa. Har da ma'anar uzuri ta zo a aya ta 23 ta Suratul An'am, da ma'anar hauka a aya ta 6 ta Suratul Ƙalam.

Sa'an nan ga wadda ta fi kusa da uwar nan mai wanke-wanke. A aya ta 28 ta Suratul Anfal, da aya ta 15 ta Suratut Tagabun, an kira dukiya da 'ya'ya fitina. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Buraida cewa wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cikin huɗuba sai ga jikokinsa Hasan da Husaini sun taho sanye da jajayen riguna, suna tafe suna tuntuɓe. Sai ya sauko daga mumbari ya ɗauke su ya ajiye a gabansa, ya ambaci wannan aya, ya ce da ya gan su haka bai iya daurewa ba sai da ya katse maganarsa. To, uwar da ta ce ɗanta fitina ne ba ta yi ƙarya ba. Sai dai wanda ya fi kowa sanin ma'anar ayar, ɗaukar yaran ya yi, bai daka musu tsawa ba.

Ƙaramar Fitina

Ma'anar da Bahaushe ya fi amfani da ita, watau takura wa mutane har su gundura, tana da tushe a cikin hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da shi, sahabin da masu wannan suna suke takwara da shi, yakan yi sallar lisha tare da Annabi, sa'an nan ya koma ya yi wa mutanensa limanci. Wani dare sai ya buɗe da Suratul Baƙara. A cikin sahu kuwa akwai wani mutum da ya yini yana ban ruwa da raƙumansa, ya gaji tiɓis. Sai ya ware ya yi sallarsa shi kaɗai ya tafi. Da Mu'azu ya ji, sai ya jefe shi da munafunci. Mutumin ya kai ƙara. Annabi bai zargi wanda ya fita ba, sai ya juya ga Mu'azu ya tambaye shi har sau uku ko shi mai fitinar mutane ne, ya kuma umurce shi da karanta gajerun surori irin su Shamsi da A'ala, domin a bayansa akwai tsoho da mai rauni da mai bukata.

Abin lura a nan shi ne, Mu'azu ba saɓo ya yi ba, Alƙur'ani ya karanta, kuma yana cikin manyan malaman sahabbai. Duk da haka aka kira aikinsa fitina, saboda ya sa wani bawan Allah ya guji jam'i. Wannan ya isa jan kunne ga limamin da ke tsawaita salla ga ma'aikata masu sammako, da mai wa'azin da ke juya lasifika cikin gidajen mutane har tsakar dare, ga marar lafiya, ga jariri, ga kuma maƙwabcin da ba Musulmi ba wanda da wannan ne zai auna addinin. Kyakkyawar niyya ba ta hana aiki zama fitina.

Shi kuma wanda aka takura wa, yana da nasa rabon. Aya ta 20 ta Suratul Furƙan ta bayyana cewa Allah ne ya sanya sashen mutane ya zama gwaji ga sashe, ta kuma biyo da tambaya a kan haƙuri. Bisa ga wannan, maƙwabcin da ya sako wa mutum kwata a ƙofar gida, da kishiya mai baƙar magana, da mai babur da ya fesa masa taɓo ranar Juma'a, kowanensu gawayi ne a maƙera. Idan zagi da ashar suka fito, to dama suna ciki. Idan haƙuri da kyakkyawar magana suka fito, su ma dama suna ciki. Haƙuri kuwa bai hana mutum neman haƙƙinsa ba. Sai ya fara da yi wa maƙwabcin magana a keɓe, in abin ya faskara ya kai ga mai unguwa ko limami, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ga kotu nan. Abin da aka hana shi ne ya ɗebo wutar da aka jefa shi ciki ya watsa wa unguwa.

Mai Kumfa Irin Na Teku

Sahabbai da kansu sun rarrabe ƙaramar fitina da babba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Sayyadina Umar ya tambayi mutanen majalisarsa wane ne ya kiyaye maganar Annabi a kan fitina. Huzaifa ɗan Yaman ya ce shi ne, ya ambaci fitinar mutum a cikin iyalinsa da dukiyarsa da 'ya'yansa da maƙwabcinsa, ya ce salla da azumi da sadaka da horo da alheri da hani ga mummuna suna kankare ta. Umar ya ce ba wannan yake nufi ba, yana tambaya ne a kan wadda ke tunkuɗar juna kamar igiyar ruwan teku. Huzaifa ya ce masa tsakaninsa da ita akwai rufaffiyar ƙofa. Umar ya ce buɗe ta za a yi ko karya ta? Ya ce karyawa. Umar ya ce ashe ba za ta sake rufuwa ba. Daga baya Huzaifa ya bayyana cewa ƙofar nan Umar ne da kansa.

Haka kuwa aka yi. An soki Umar yana limancin sallar asuba a ƙarshen shekara ta 23 bayan Hijira. An kashe Sayyadina Usman a gidansa a shekara ta 35. Aka yi yaƙin Raƙumi a ta 36, aka yi na Siffin a ta 37, Musulmi na fuskantar Musulmi da takobi. Ƙura ba ta lafa ba sai a shekara ta 41, sa'ad da Hasan ɗan Ali, yaron nan mai jar riga, ya sauka daga mulki ya bar wa Mu'awiya don a tsai da zubar da jini. Wasu manyan sahabbai, irin su Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdullahi ɗan Umar da Muhammadu ɗan Maslama, sun ƙi zare takobi a kowane ɓangare. Bayan shekaru, a zamanin rikicin Ibnu Zubair, wasu mutum biyu suka zo wa Abdullahi ɗan Umar suna kafa masa hujja da ayar da ta yi umurni da yaƙi har fitina ta gushe. Ya amsa musu da cewa su sun yi yaƙi tare da Annabi har fitina ta gushe, ku kuwa so kuke ku yi yaƙi har fitina ta samu. Wannan amsa ta isa ga duk matashin da aka karanta wa rabin aya aka miƙa masa adda.

Amma kada a ɗauka babu hanya tsakanin ƙaramar da babbar. A tafiyar yaƙin Banu Musɗaliƙ, wani daga ɓangaren Muhajirai ya yi sa-in-sa da wani daga ɓangaren Ansar a bakin ruwa, har ya kai masa shuri. Abu ne irin wanda ake gani kullum a layin famfo ko gaban rijiyar burtsatse. Sai wannan ya ƙwala kira ga Ansar, wancan ya ƙwala kira ga Muhajirai. Annabi ya fito nan take ya kira wannan kiraye-kirayen Jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai wari. Shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu kuwa tuni ya fara hura wutar. Faɗan mutum biyu bai zama barazana ba sai da kowanensu ya kira danginsa.

Abin Da Kaduna Ta Gani

Dattawan Unguwar Mu'azu, kamar na Tudun Wada da Rigasa da Kakuri da sauran unguwannin Kaduna, ba sa bukatar a fassara musu igiyar ruwan teku. Ran 21 ga watan Fabrairu na shekarar 2000 rikici ya ɓarke a garin a kan batun shari'ar Musulunci, ya kuma sake tashi a watan Mayu, aka yi hasarar rayuka fiye da dubu. Mutanen da suka shekara ashirin suna gaisawa ta kan katanga suka kwashe kaya suka rabu, har gari ya kusa darewa biyu, mafi yawan Musulmi a arewacin kogi, mafi yawan Kirista a kudancinsa. A watan Agusta na 2002, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, shugabannin addinan biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna. Cikin waɗanda suka yi ɗawainiyarta akwai Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, ɗaya ya rasa hannunsa a rikicin 1992, kafin su haɗa kai a 1995. Duk da haka, a watan Nuwamba na 2002 wuta ta sake kamawa a kan wani rubutun jarida game da gasar sarauniyar kyau, mutane fiye da 200 suka halaka. Sa hannun shugabanni a takarda abu ne mai kyau, amma ba ya isa idan talakawa ba su koyi kashe tartsatsi a ƙofar gidajensu ba.

Aya ta 25 ta Suratul Anfal ta yi gargaɗi da irin fitinar da ba ta tsayawa a kan azzalumai kaɗai. Wanda ya ga gawar almajiri da ta 'yar talla da ta fasinjan da ya sauka a tasha bai san abin da ake ciki ba, ya ga tafsirin wannan aya da idonsa. Akwai kuma maganar da ta shahara a bakin jama'a cewa fitina kwance take, la'ana ta tabbata ga mai tashe ta. Malaman hadisi sun raunana isnadinta, saboda haka ba a jingina ta ga Annabi kai tsaye, amma tarihin garin nan ya shaidi ma'anarta.

Abin da ya wajaba a kan Musulmi dai a bayyane yake. Ya kiyayi zama fitina ga waninsa, ko da da sunan ibada ne. Idan an fitine shi, ya tuna cewa shi ne ke cikin kasko, kuma Mai gwajin yana kallo. Kada ya mai da faɗansa da mutum ɗaya ya zama faɗan ƙabila ko na addini. Idan labari ya iso masa, a majalisa ne ko a cikin waya, ya bi umurnin aya ta 6 ta Suratul Hujurat ya bincika kafin ya yaɗa, gama yau saƙo ɗaya yana zaga Kaduna kafin a idar da sallar la'asar. Sa'an nan ya lizimci addu'ar da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wadda ake yi bayan tahiya kafin sallama, ta neman tsari daga abubuwa huɗu, azabar Jahannama, da azabar kabari, da fitinar rayuwa da ta mutuwa, da sharrin fitinar Dujal.

Allah ya tsare al'umma daga fitinu, na fili da na ɓoye, ya zaunar da Kaduna da Nijeriya lafiya, ya sa a fito daga gwajinsa da hasken fuska. Amin.